Allah Shi Zaɓa Muna

Mu nan, daga Boɗinga har Shagari, ko akuya za mu saya sai mun sa Allah cikin cinikin. Mai saye ya ce Allah shi sa albarka, mai sayarwa ya ce Allah shi amfana, dillali ya soke la'adarsa a aljihu ya ce amin da ƙarfi fiye da kowa, alhali duk cikinsu shi ya fi sanin akuyar tana tari da dare. Baƙon da ya yini da mu zai koma gida yana ba da labarin ya ga garin waliyyai. In ya ƙara mako guda zai fara rarrabewa. Akwai addu'ar da ake yi a sulusin dare ana share hawaye da gefen zane, akwai kuma wadda ake yi a bakin zaure don mai bin bashi ya tafi.

Ta biyun nan mun ƙware a kanta. Tela ya karɓi shaddarka ana saura kwana goma Salla, ka tambaye shi yaushe, ya ɗaga kai sama ya ce jibi in Allah ya yarda. Kai da shi duk kun san ko yanka ta bai yi ba, kun kuma san daren jajibiri a kan bencinsa za ka kwana. Amma wa zai yi gardama da yardar Allah?

Inda abin ya fi armashi shi ne neman aure. Wakilan yaro su zo da goronsu, uban yarinya ya saurare su, ya shafa gemu, ya ce: "To madalla, mun jiya. Ku ba mu lokaci mu yi istihara, abin da Allah yaz zaɓa shi za a yi." Daga nan sai a duba wane ne yaron. In yana da shago a kasuwar Sakkwato, ko yana aikin kwastan, istihara ba ta kwana biyu, kafin hantsi an tura ɗan aike da kyakkyawan labari. In kuwa malamin firamare ne mai jiran ƙarshen wata, sai ta yi wata uku ba ta fito ba, daga baya a ce an ga duhu. Ni dai ban taɓa jin an ga duhu a kan mai mota ba. Ban ce uban maƙaryaci ne ba. Kunya ce ke ɗawainiya da shi, don ba ya iya duban idon dattijon da suke sahu ɗaya a masallaci ya ce masa a'a. Da sunan istihara kowa ya tashi da mutuncinsa, gobe a gaisa a wurin jana'iza ba tare da an sunkuyar da kai ba.

Istiharar da malamai suka karantar da mu a makarantar dare kuwa ba ta da wannan kwana-kwana. Raka'a biyu ce ta nafila, sai addu'ar da Jabir bin Abdullahi ya ruwaito, tana cikin Bukhari, wadda ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana koya musu ita yadda yake koya musu sura. Mai buƙata shi ke yin abarsa. Ya ambaci lamarin da ya dame shi, ya roƙi in alheri ne ga addininsa da rayuwarsa da ƙarshensa a sauƙaƙe masa, in sharri ne a raba su, a ba shi alherin duk inda yake, a kuma sa zuciyarsa ta yarda da abin da aka ba shi. Shi ke nan. Babu barci a ciki, babu mafarki, babu kuɗin goro. Sai ya tashi ya nemi shawarar waɗanda suka san harkar, ya kama hanya. In ta buɗe ya wuce, in ta toshe ya haƙura.

Mu kuwa wannan ta yi mana araha, abin da ba mu biya ba ba ma ganin ƙarfinsa. Sai mu ba da kwangila. A kai wa malam sunan yaro da na mahaifiyarsa da ɗan abin sadaka, shi zai yi sallar, shi zai kwanta, shi zai yi mana mafarkin. Masu yi da kansu kuma da safe sai su nufi ɗakin Gwaggo, don kowane gida akwai tsohuwar da ta gaji fassara. "Mi kinka gani, ɗiyata?" In nono ne, ko farin zane, ko ciyawa kore shar, a fara shirin gara. In wuta ce, ko rami, ko baƙin sa yana bin mutum, a mayar musu da goronsu. Ba mai tambayar abin da yarinyar ta ci kafin ta kwanta. Allah kaɗai ya san yawan auren da ɗanwake da yaji suka kashe a yankin nan.

Akwai kuma masu naci. Mutum ya riga ya ƙulla abinsa, har ya ba da kafin alƙalami, sannan ya tuna da istihara. Ya yi ta farko zuciya ta ƙi kwanciya, ya ce gyangyaɗi ne ya ɓata masa addu'ar. Ya sake, ya kuma sakewa. Ranar da ya tashi da ɗan sakin rai sai ya fito majalisa ya ce Allah ya zaɓa masa. Sa hannu kawai muke nema, zaɓin mun gama shi tun a kasuwa. Ƙarshen addu'ar nan, inda ake roƙon zuciya ta yarda da abin da aka ba ta, shi muke karantawa da sauri.

Amma kada wani ɗan birni ya ji wannan ya ɗauka wasa muke yi da Ubangiji. Ya zo fadama lokacin cirar albasa ya ga mutumin da ke tsaka mai wuya. Kowa ya cire tasa lokaci guda, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. In ya sayar yanzu, da ƙyar ya fitar da kuɗin taki da na man injin ban-ruwa. In ya zuba a rudu ya jira watannin tsada, zafi da laima na iya cinye masa rabi, ya buɗe ya tarar da ruɓa. In ya haɗa kuɗin mota da 'yan'uwa suka loda zuwa Legas ko Anaca, kwana nawa kayan za su yi a hanya, kuma wa zai tare su? A Fabrairun 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Manomin da bai taɓa taka Ibadan ba, bai san mafarin faɗan ba, ya wayi gari albasarsa da tumatirinsa ba mai tayawa. Wane lissafi ne zai hango masa wannan? Irin wannan mutum in ya shimfiɗa buzu bayan isha'i ya ce Allah shi zaɓa mai, ba wani mai neman aure yake kauce wa ba. Saninsa ne ya kai iyaka, ya miƙa sauran ga wanda ya sani.

Bizne ma haka ne. Ƙarshen bazara, ƙasa ta bushe ƙayau, rana na dukan ƙeya, ka ga magidanci da 'ya'yansa a gonar tudu suna sara suna zuba gero suna rufewa, babu ko gizagizai a sama. In ruwan farko ya zo da ƙarfi ya riga kowa, geronsa na tsirowa maƙwabta na neman sungumi. In yayyafi ya yi ya ɗauke, irin ya tsiro ya ƙone, sai ya nemo wani, wataƙila bashi. Duk shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun da wuri, tsofaffinmu kuma suna saurare sarai a rediyo, har su tambayi yara me waya ta ce game da watan Yuni. In an gaya musu sai su gyaɗa kai su ce, to, Allah dai shi yas sani. Kuma ba su saɓa wa masu hasashen ba, don su ma ba su taɓa cewa alkawari suka ɗauka ba.

In ruwa ya ɗauke bayan shuka ta fito, ganye ya fara nannaɗewa, sai a ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi ko daga hakimi cewa a fita roƙon ruwa. A tafi filin idi da hantsi cikin tsofaffin tufafi, babu turare babu ado, a yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba, a juya mayafi. Nan kam za ka ga dattijon da bai zubar da hawaye ranar mutuwar ɗansa ba yana kuka. Amma ko a wannan sahun akwai namu. Ga Alhajin da ya cika ɗakuna da gero tun kaka yana jiran tiya ta ƙara kuɗi, yana cewa amin ciki-ciki. Ga wanda ya buga tubalin ƙasa ya shanya, yana son ruwan amma a jinkirta masa zuwa Laraba. Liman ya ce a tuba, a mayar da haƙƙin mutane, wanda ya ci iyakar gonar maraya ya mayar, sai kowa ya waiga ya dubi na kusa da shi. In hadari ya haɗo kafin la'asar mu ce addu'armu ta karɓu. In ya yi mako bai zo ba mu ce mutanen ƙauyen gaba ne suka cika zunubi.

Mu 'yan Boɗinga muna da abin fakewa in aka taɓa mu, wai ai ƙasarmu ƙasar addu'a ce. Kuma gaskiya ne. Sifawa tana nan ƙofar gida, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815. A nan ne a 1812 ya raba kula da daula, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga. Har gobe baƙi na zuwa ziyara. Sai dai in za mu yi tutiya da Shehu mu ɗauka duka. A cikin Nurul Albabi ya yi kaca-kaca da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da duban taurari. Yau kuwa ba sai ka yi nisa da masallacinsa ba za ka sami zauren da za a baje maka yashi a faifai, a zana, a share, a sake zanawa, a ce maka istihara ce.

Labarin da na fi so tsofaffinmu su riƙa bayarwa shi ne na Malam Abdullahi kansa. Ana tsakiyar jihadi ransa ya ɓaci da yadda ya ga wasu sun karkata ga ganima da sarauta, ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar Makka da Madina, ba da niyyar dawowa ba. Kano ya kai. Mutanenta suka riƙe shi, suna neman mai nuna musu yadda ake hukunci, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, ya juyo gida. Hajjin bai samu ba har ya bar duniya. Sannan a 1817, da Shehu ya rasu, ya taso daga Boɗinga ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, masu tarihi suka ce har ƙofar gari aka rufe. Ɗan Adam ne, abin ya yi masa ciwo, ya juya, aka yi shekaru tsakaninsu ba daɗi. Sai a yaƙin Kalambaina, da Bello ya kawo masa ɗauki, ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Yardar zuciyar da muke tsallakewa ke nan. Malami kamarsa ma sai da ta ɗauke shi shekaru, mu kuwa muna son mu roƙa daren Juma'a mu ga sakamako kafin a fita masallaci.

Mutanen Shagari ba sa bari mu ƙarasa wannan labari. "Ku riƙe tarihinku, mu da ido munka ga namu." Suna nufin Turakin Sakkwato, Alhaji Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta kuma tsohon minista, wanda kujerar sanata yake so amma jam'iyyar NPN ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. A wurinsu babu hujjar da ta fi wannan cewa mulki na Allah ne, zakaran da ya nufa da cara ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Mu kuma sai mu tuna musu cewa zakaran ya yi cara a 1979, amma sai da lauya ya yi lissafi. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano ya tsaya wajen kashi 20 cikin ɗari. Abokin takararsa Awolowo ya ce sai 13, lauya Richard Akinjide ya ce 12 da biyu bisa uku ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar rantsarwa. Sai su ce, to wa ya ba lauyan basirar? Nan gardamar ke mutuwa kullum, a sake zuba shayi. Abin da ba ma musu a kai shi ne yadda mutumin ya ɗauki abin da ya biyo bayan 31 ga Disamba 1983. Sojoji suka karɓe mulki, aka tsare shi, aka sake shi a 1986 ya dawo garinsu ya zauna, ba yawon zage-zage ba neman ramuwa, har ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018 aka binne shi a Shagari. Masu cewa Allah ne ya ba su ranar rantsarwa sun cika Nijeriya. Masu tuna haka ranar da aka ƙwace ne ba su cika benci guda ba.

Daga nan hira kan gangaro kan titi, wannan da ya taso daga Sakkwato ya ratsa mu ya nufi Tambuwal da Jega. Kafin mota ta bar tasha za ka ji wani dattijo ya ce a yi salati, a karanta addu'ar hawa abin hawa, kowa ya shafa. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, buhunan albasa a but har murfin ya ƙi rufuwa, a gilashin baya an rubuta Dogaro ga Allah Jari. Tayar gaba kuwa ta suɗe har zare ya fito. Ka ce, "Direba, rage wuta mana," ya dube ka ta madubi ya ce, "Baba, in kwana bai ƙare ba, ba abin da ka hwaruwa." Sauran fasinjoji su goyi bayansa, kai ka zama mai raunin imani. Wannan direban dai in ya sauka ba ya barin motarsa a buɗe, kuma ba ya karɓar in Allah ya yarda a madadin kuɗin mota.

A nan ne dariya ke tsaya mini a wuya. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, jirgin ruwa ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. Shekara ta zagayo, a watan Mayun 2023, wani ya kife da yaran Dandeji da suka fita neman itacen girki, aka tsamo gawa 15. Duk wanda ya je gaisuwa irin wannan ya san abin da ke riƙe iyaye kada su zauce: kwana ne ya ƙare, mai abu ya karɓi abinsa. Babu wata magana a duniya da za ta zaunar da uwar da aka shimfiɗe wa ɗa a tabarma in ba wannan ba, kuma duk mai raina ta bai taɓa zaman makoki ba.

Matsalar ita ce maganar da aka tanada don ranar makoki mun mai da ita ta kullum. Bayan an watse, in wani saurayi ya ce, "Wai mutum nawa anka ɗauka cikin jirgin?" sai a yi masa ca. "Kai wanga yaro, da ƙaddara kaka jayayya?" Tambaya ce ya yi mai amsa. Jirgin katako yana da iyakar abin da yake ɗauka, mai tuƙi ya san iyakar. Iyayen da ke tura yara tsallaken ruwa don itace ya yi ƙaranci a wannan gaɓar sun san ruwan. Masu mulki ma sun san yadda ake tsallakawa. Ranar mutuwar kowa a hannun Allah take, amma ƙirga kawuna kafin a tura jirgi mu aka bar wa, har da yatsun ƙirgar aka ba mu. Wani tsohon malami da ke karantar da Iziyya a zaurensa ya taɓa tsawatar wa masu yi wa irin wannan yaro ca. Ya tuna musu cewa Umaru ɗan Haɗɗabi ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, ya kuma tambaye su wane ne cikinsu zai koya wa Umaru tawakkali. Kowa ya yi shiru. Rigar ceto dai har yau ba ta zama abin da muke tambaya kafin mu shiga jirgi ba.

In ana maganar masu addu'ar gaske, a bar mu maza da hayaniyarmu ta bakin mai shayi, a leƙa cikin gida. Da an gama kawo amfanin gona samari ke watsewa cin rani, wasu Legas, wasu Fatakwal, wasu Abuja, masu acaba da masu turin ruwa da masu yankan farce. Uwa ba ta san sunan unguwar da ɗanta ke kwana ba. Abin da take da shi lambar waya ce a 'yar takarda, da tasbaha. In wayar ta yi kwanaki ba ta shiga, ba ta da ɗan sanda ba ta da lauya. Sai ta tashi tsakar dare, da safe ta soya ƙosai ta raba wa almajirai, su kuwa sun san gidajen da ke da ɗa a tafiya fiye da mai unguwa. In ya kira ya ce, "Inna, ina son in koma wani gari, an ce akwai aiki," ba ta cewa e ko a'a. "Bari in kwana da shi, Allah shi zaɓa muna." Washegari ta aika a nemo wanda ya taɓa zama garin, ta ji wane ne mai masaukin, ɗan gidan wa ne, yana salla ko ba ya yi, yana biyan yaransa ko sai an kai ƙara, sannan ta ba da amsa. Ba ta taɓa buɗe babin istihara ba, amma ita ke yin ta yadda littafi ya kawo.

Matan ne kuma suka kewaye gardamar da ta gagare mu. Tun da aka kafa Izala a 1978 muke fama: rubutun sha ya halatta ko bai halatta ba, laya magani ce ko shirka, zuwa Hubbaren Shehu ziyara ce ko wuce gona da iri. An yi shekarun da wa da ƙane ba sa bin liman ɗaya. A cikin gidan kuwa mai juna biyu ta sha rubutun da kakarta ta aiko, ta kuma hau babur ta je awo ranar da aka ce ta koma. Yaro zai zana jarrabawar JAMB, kaka ta sa a kai bironsa a yi masa tofi. Aka ce mata tun 2015 da kwamfuta ake yi. Ba ta karaya ba, ta ce to a kawo yatsun.

Sai kotunmu ta ƙarshe, Yasin. Kwanan baya aka wayi gari babu batirin lasifikar masallacin unguwarmu, ladan ya koma kira da maƙogwaro, rabin unguwa suka makara asuba suka sami hujja. Bayan isha'i aka zauna. Dattawa suka ce a yi shela, an ba ɓarawo kwana uku, in bai mayar ba za a ja masa Yasin. Matasa suka ce a sa ƙofar ƙarfe a sayi kwaɗo. Wani Alhaji ya tashi ya yi dogon bayani cewa bai kamata a yi wa Musulmi mugun baki ba, gara a roƙa masa shiriya. Bayaninsa ya yi kyau ƙwarai, sai dai kowa ya san halin jikansa. Aka dai yi shelar.

Dare na biyu sai ga batir a bakin ƙofa. Aka yi ta kabbara, dattawa suka dubi matasa da gefen ido. Ladan ya jona, ko tari lasifikar ba ta yi ba. Aka haska tocila sai aka ga ba namu ba ne, wani tsohon batir ne da ya mutu tun zamanin da. Nan sabuwar mas'ala ta taso, shin wanda ya mayar da batir amma ba wanda ya ɗauka ba, Yasin tana kama shi ko ya fita? Liman ya ce sai ya duba. Kafin ya gama dubawa aka yi karo-karo aka sayi sabon batir, aka sayi kwaɗo mai mabuɗi biyu. Ɗaya aka ba ladan. Ɗayan, don kada a ce an zargi kowa, aka miƙa wa Alhaji mai jika.